Sabuwar Panamera: Ta mai riƙe da sitiyari ce ko ta mai zama a gidan baya?

Musun ya tashi ne a kan benci bayan la'asar, a wani wurin sayar da motoci da ke titin Isa Kaita a Kaduna. Wani matashi cikin yaran wurin ya miƙo wayarsa yana nuna hoton sabuwar Porsche Panamera, wadda kamfanin ya fito da ita a birnin Shanghai cikin watan Nuwamban 2023. Kafin wayar ta ratsa hannu biyar, majalisa ta rabu gida biyu. Wasu suka ce a duk motoci masu ƙofa huɗu babu wadda ta kama ƙafarta wajen kyau. Wasu suka ce ai tsohuwar ce aka wanke, aka canza mata fitila, aka lafta mata kuɗi. Wani dattijo da ya fara dillancin mota tun lokacin da ake bin layin fijo a Kakuri bai ce uffan ba sai da hayaniya ta lafa. Sannan ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, in na sa zanna bukar ɗina na shiga baya, za ta bar ni na zauna da ita, ko sai na cire na riƙe a hannu?"

Aka yi dariya, aka koma maganar fitila. Amma ni tun daga ranar tambayar ba ta bar raina ba, domin a ganina ita ce ta haɗa musun siffa da musun farashi wuri guda. Mutane suna ɗauka gardama biyu ce, ɗaya ta ido, ɗaya ta aljihu. Gardama ɗaya ce. Duk wanda ya amsa tambayar ina mai motar zai zauna, ya gama yanke hukunci a kan kyanta da kuma tsadarta.

Bari mu fara da abin da ya sa irin wannan mota take da wuyar zanawa tun asali. Motar gudu ta gaske, irin Porsche 911, ana yin ta ne a kwance. Tsayinta daga ƙasa zuwa rufi bai wuce mita 1.3 ba. Ana kwantar da ita saboda dalili biyu: iska ta zame ta samanta ba tare da ta tokare ta ba, sannan nauyinta ya zauna kusa da ƙasa yadda in an sha kwana da gudu ba za ta karkata ba. Ita kuwa motar manya, irin marsandi S-Class, tsayinta ya kai mita 1.5, saboda an gina ta ne a kan mutumin da ke zaune a baya, ya miƙe ƙafa, ya jingina, direba na jan shi. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kamu ɗaya na hannu ba, amma a cikin wannan kamu ɗayan ne duk rigimar take. Sabuwar Panamera tana da tsayin mita 1.42 da tsawon da ya ɗan haura mita 5. Ta tsaya a tsakiya ke nan, tana son ta yi sukuwa kamar 911, tana kuma son ta ɗauki Alhaji da baƙinsa uku.

Wanda ya saba zuwa kallon folo a filin Murtala zai fi saurin gane wannan. Dokin folo siriri ne, mai saurin juyawa, an hore shi ya tsaya cak ya kuma zabura cikin ƙiftawar ido. Dokin hawan sallah kuma ƙato ne, ana so ya ɗauki sirdi da jalala da sarauta, ya yi taku cikin ƙasaita. Wanda ya ce zai haɗa su a doki ɗaya, dole kowane ɓangare ya rage wani abu. Bahaushe ya riga ya ce ba a haɗa gudu da susar katara. Shekara sittin ke nan masu ƙera motoci a Turai suna ƙoƙarin ƙaryata wannan magana, kuma ban ce sun gaza gaba ɗaya ba.

Italiyawa ne suka fara da gaske. A 1963 kamfanin Maserati ya fito da Quattroporte, sunan da ma'anarsa a harshensu ƙofa huɗu ce kawai, saboda a lokacin sa ƙofa huɗu a jikin mota mai injin tsere shi kansa abin labari ne. Porsche ta gwada tata a ƙarshen shekarun 1980 da wata da ta kira 989, amma ta watsar da aikin a farkon shekarun 1990 lokacin da kamfanin ya shiga matsin kuɗi. Sai a 2004 marsandi ta fito da CLS, mai rufin da ya gangaro baya kamar bakan gizo, kasuwa ta karɓe ta, sauran kamfanoni suka farga cewa akwai masu kuɗin da ke son ƙofa huɗu amma ba sa son motar da ta yi kama da ta ofis. Audi ta kawo A7 a 2010. Aston Martin ta Ingila ta kawo Rapide a shekarar, kyakkyawa ta gani ta faɗa, amma bayanta a matse yake har babban mutum ba ya iya doguwar tafiya a ciki, kuma an daina yin ta a 2020. Ita ma CLS an rufe babinta a 2023.

Panamera ta farko ta bayyana a Afrilun 2009. An ɗaga ta a tsaye cikin lif ɗin kaya zuwa hawa na 94 na wani dogon bene a Shanghai, a can aka yaye mata mayafi. An samo sunanta daga Carrera Panamericana, tseren motoci da aka yi a Mekziko daga 1950 zuwa 1954. Ta sha suka kamar me. Gabanta na 911 ne, amma bayanta ya yi doro, kamar an ɗora ƙwarya a kan but. An sha ruwaito cewa shugaban kamfanin na wancan lokaci, Wendelin Wiedeking, wanda dogon mutum ne, shi ya dage sai ya iya zama a baya kansa bai taɓa rufi ba, masu zane suka bi umarni, doron ya fito. Wato tambayar da dattijonmu ya yi a kan benci, an yi ta a ɗakin taron kamfanin tun kafin a ƙera motar, kuma a karon farko gidan baya ne ya yi nasara.

A zubi na biyu, na 2016, ido ne ya rama. Aka rage tsayin rufin baya da kimanin santimita 2, aka gangaro da shi sumul, aka ja fitilar baya ta zama layi ɗaya daga gefe zuwa gefe. Waɗanda suka zagi ta farko suka dawo suna yabo. Wannan nasarar ce ta ɗaure hannun masu zanen zubi na uku. Mutumin da ya sha wuya kafin ya samu hular da ta dace da kansa ba ya saurin canza ta. Saboda haka masu cewa tsohuwar ce aka wanke ba ƙarya suka yi ba: in ka ajiye ta 2016 da ta 2023 gefe da gefe, sai mai lura ne zai raba su. An ƙara wata kafar shan iska a saman lambar gaba, an ɗan ƙara wa gilasan gefe kusurwa, an ɗaga kafaɗun da ke kan tayoyin gaba. A ciki an cire sandar giya daga tsakiya an mayar da ita ƙaramin maɓalli kusa da sitiyari, an sa allon gilashi mai lanƙwasa na inci 12.6 a madadin tsohon allon da ke da agogo mai allura a tsakiya. An kuma daina yin samfurin Sport Turismo mai faffaɗan baya, wanda a wurina shi ne ya fi dukkansu ma'ana ga mai iyali.

Ni dai ra'ayina ba na ɓoye shi. Sabuwar ta fi ta 2009 kyau nesa ba kusa ba, amma ta 2009 ta fi ta faɗin gaskiya. Doron nan da aka yi ta zagi yana gaya maka cewa akwai mutum a baya kuma an damu da shi. Sabuwar tana so ka ɗauka 911 ce aka ja ta ta yi tsawo, tana ɓoye ƙofofin bayanta a cikin gangaren rufi. Kan mutum yana samun wuri, domin an kwantar da kujerun ƙasa sosai, sai dai shiga da fita sai an sunkuya, kuma wanda ya sa babbar riga mai aiki da doguwar hula zai san ya sunkuya. A wurin ɗaurin aure, inda jama'a ke tsaye suna jiran a buɗe maka ƙofa, yadda mutum ya fito daga mota ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar Hausa. Wannan ba son girma ba ne kawai. Suturarmu ce take buƙatar fili, kuma ba a zana motar da ita a rai ba.

Na ji wasu a majalisar suna kwatanta ta da marsandi AMG GT mai ƙofa huɗu, wadda ta fito a 2018. Kwatancen ya yi daidai, su biyun kishiyoyi ne. Marsandin tana da faɗin baki da haƙora a gaba, tana zuwa da fushi, ana jin ƙugin salansarta tun daga nesa. Panamera ta fi kamun kai. A Kaduna marsandi na da riba ɗaya da babu injiniyan da zai iya kwace mata: tauraron da ke gabanta kowa ya san shi, tun daga zamanin bi-but. Yaro a Tudun Wada ya san marsandi, tsohuwa a Rigasa ta san marsandi. Tambarin Porsche kuwa, mai baƙin doki a tsakiya, sai an yi wa mutane da yawa bayani. Wanda ke sayen mota don a san ya iso yana lissafa wannan, ko bai faɗa ba.

To, sai kuɗi, inda murya ta fi tashi.

A Amurka an sa wa mafi ƙanƙanta cikin sababbin kuɗin da ya kusa dala dubu 100. Ita ce mai fulogi shida, injin lita 2.9, ƙarfin doki 353, tana iya kaiwa kilomita 272 a awa. Ta samanta, Turbo E-Hybrid, ta haɗa injin fulogi takwas da na lantarki, ƙarfin doki 680, kuɗinta ya kusa ninka na ƙaramar. A 2024 aka ƙaro Turbo S E-Hybrid mai ƙarfin doki 782, wadda ke tashi daga tsaye ta kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 2.9, gudunta na ƙarshe kilomita 325. Kuma duk wanda ya san Porsche ya san kuɗin da aka rubuta somin taɓi ne. Launin fenti na musamman da kuɗinsa, manyan wili da kuɗinsu, fatar kujera mai kyau da kuɗinta, na'urar sauti da kuɗinta, tayoyin baya masu juyawa tare da na gaba da kuɗinsu a ƙananan samfura. Mutum kan shiga da niyyar dala dubu 100 ya fito ya ƙara dubu 20 ko 30 bai ankara ba. Wannan ɗabi'ar tana ba ni haushi, domin wasu abubuwan da ake cajin kuɗinsu daban, motocin Koriya da ba su kai rabin kuɗinta ba suna zuwa da su a jiki.

Amma adalci shi ne a faɗi abin da kuɗin yake saya, domin ba iska ake sayarwa ba. Matashin da ya kawo hoton, wanda na fahimci ya karanta injiniyanci, ya tsaya kai da fata a nan, kuma yana da hujja. Sabon abu mafi girma a motar ba a ganin sa a hoto, yana ƙarƙashi. Kamfanin ya kira shi Porsche Active Ride, ana samun sa a samfuran da ke da lantarki. Kowane shokozoba yana da famfon mansa na kansa da lantarki ke juyawa, yana tura taya ƙasa ko ya janye ta sama gwargwadon abin da hanya ta kawo. In ka taka burki motar ba ta dungure da hanci, in ka sha kwana ba ta kwanta gefe, har tana iya karkata cikin kwanar kamar yadda mai babur ke yi. In ka buɗe ƙofa tana ɗagowa sama don shiga ta yi sauƙi. Mota ce da nauyinta ya haura tan biyu, amma an sa ta tana motsi kamar wadda ba ta kai haka ba. An kai babbarsu filin gwaji na Nürburgring a Jamus, mai tsawon sama da kilomita 20 da kwanoni barkatai, ta zagaye shi cikin minti 7 da daƙiƙa 24. Wannan aikin hankali ne na gaske, kuma duk mai son inji dole ya sara wa waɗanda suka yi shi.

Sai dai ka duba jerin nan da kyau. Saurin tashi, riƙe hanya a kwana, amsawar sitiyari, yadda giya mai hawa takwas ke canzawa ba a ji, ƙarfin burki: kusan duk abin da ya bambanta ta da S-Class, a hannu da ƙafar mai tuƙi ake jin sa. Wanda ke baya abin da ya samu shi ne kujera mai kyau da sanyi, waɗanda S-Class ta fi ta ba shi, da fili mafi yawa. Mu kuwa a nan, mutumin da ya kai matsayin fitar da irin wannan kuɗi, da wuya ka gan shi yana tuƙa kansa. Yana da direba, wani lokacin da mai tsaro a gidan gaba. Ya biya kuɗin dokin sukuwa, ya miƙa wa wani linzami, shi ya zauna a baya yana amsa waya. Abin da nake nufi ke nan da na ce gardamar ɗaya ce. Ga mai tuƙa kansa, gangaren rufin kyau ne kuma kuɗin yana da madafa. Ga mai zama a baya, gangaren takura ce kuma rabin kuɗin ya tafi a kan abin da ba zai taɓa ɗanɗana ba.

Yanzu mu kawo lissafin gida. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa, dala ta haye 1,500 a cikin 2024. Motar dala dubu 100 da a da za a lissafa ta naira miliyan 46 ta koma miliyan 150, alhali masu ƙera ta a birnin Leipzig na Jamus ba su ƙara mata ko ƙusa ba. Wannan tun tana can ke nan. Sai kuɗin jirgin ruwa da inshora. Sai kwastan. Tsarin motoci na 2013 ya sa harajin shigo da ƙananan motoci ya kai kashi 70 cikin ɗari, 35 na fito da 35 na ƙari, don a kare masu haɗa mota a cikin gida. An sassauta daga baya, an kuma sha sauya lissafin, amma har yau kaso ne mai nauyi, ga harajin kayan masarufi na kashi 7.5 a kai, ga shi kuma canjin dalar da kwastan ke lissafi da shi yana bin kasuwa. Tun Janairun 2017 an hana shigo da mota ta iyakokin tudu, saboda haka tsohuwar hanyar Kwatano ba ita ba ce mafita ga mai son takardu masu tsabta. A ƙiyasina, mafi arahar sabuwar Panamera ba za ta tsaya a ƙofar gida a Unguwar Rimi ko Malali a ƙasa da naira miliyan 200 ba, manyan kuma sai dai a ninka.

Wani a majalisar ya ɗauko waya ya buga lissafi da mafi ƙarancin albashi, naira dubu 70 da aka amince da shi a Yulin 2024. Miliyan 150 kawai, ba tare da kwastan ba, albashin sama da shekara 178 ne. Wurin ya yi tsit na ɗan lokaci. Ba na cikin masu cewa haramun ne mutum ya more halalinsa, iya kuɗinka iya shagalinka. Amma ba zan yi kamar ban ji nauyin wannan lissafi ba, a garin da masaƙun Kakuri suka rufe suka bar dubban magidanta ba aiki. Wanda zai sayi irin wannan mota a nan ya kamata aƙalla ya san dalilin da ya sa yake sayen ta, kada ta zama kayan ado da ake wankewa kullum ba a fita da ita.

Ga kuma maganar inda za a taka ta. Gaskiya titunan cikin Kaduna sun canza tun aikin sabunta birni da aka fara a 2019. Gadar Kawo, titin Yakubu Gowon da hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Leventis, titin Isa Kaita ɗin nan da muke zaune a bakinsa, duk mota mai kwanciya za ta bi su lafiya lau. Amma ka sauka daga babban titi ka shiga unguwa da damina, ko ka haɗu da tudun rage gudun da mutanen layi suka gina da kansu da siminti, labari ya canza. Tsakanin cikinta da ƙasa bai cika kamu ɗaya ba. Tana da balon iska da ke ɗaga ta kaɗan, yana taimakawa, amma ba ya mayar da ita jif. Tayoyinta masu siririn gefe ne a kan wili na inci 19 zuwa 21, rami ɗaya mai kaifi ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa wili. Hanyar Abuja, wadda ita ce doguwar tafiyar da irin waɗannan masu kuɗi suka fi yi, ta shafe shekaru ana aikinta, har da yawansu suka koma hawa jirgin ƙasa a Rigasa. Ko da an gama ta ta yi sumul, dokar hanya ta tsayar da ƙananan motoci a kilomita 100 a awa, ga tireloli, ga shanu, ga masu tsallaka titi da ƙafa a Kateri da Tafa. Kilomita 325 ɗin nan an yi shi ne don wasu manyan titunan Jamus da ba su da iyakar gudu. A nan wanda ya nemi ko rabinsa yana wasa da ransa da na bayin Allah.

Mai ma abin dubawa ne. Porsche tana son fetur mai lambar oktan 98, wato ma'aunin ingancin fetur, mu kuwa gidajen manmu kala ɗaya suke sayarwa, babu zaɓi, kuma bai kai wannan lamba ba. Kwamfutar injin tana ja da baya don ta kare shi, ma'ana wasu daga cikin dawakan da aka biya kuɗinsu suna ɗaure a turke. Waɗanda suka tuna gurɓataccen man da ya shigo ƙasar a Fabrairun 2022 sun san abin da ya yi wa injuna masu sauƙi ma, balle wannan. Samfuran lantarkin kuma suna da batir na kilowat-awa 25.9 da ke son caji. Wanda zai caja shi da janareta mai shan dizal, ina ribar?

Wani bakanike daga Panteka da ya zo duba wata mota a wurin shi ya kawo abin da na fi jin tsoro. Ya ce wa dattijon, "Baba, ni ba sabuwar ce ke damuna ba. Wadda za ta zo nan bayan shekara takwas ita ce tawa." Gaskiya ya faɗa. Sabuwa dal a leda ƙalilan ne za su saya, kuma su suna da halin kai ta Legas, inda aka buɗe cibiyar Porsche a Victoria Island tun 2012, ko su ɗauko injiniya ya zo har gida. Yawancin Panamerar da za a gani a Kaduna tokumbo ce. Irin waɗannan manyan motoci suna saurin zubar da daraja a Turai da Amurka, ba kamar 911 da ke riƙe kuɗinta ba, saboda masu sayen na hannu a can sun san kuɗin gyara. Sai matashi ɗan kasuwa ya ga ana sayar da ta shekara goma a kuɗin sabuwar Camry ko ƙasa da haka, ya ce ya tsinci dami a kala. Kuɗin motar ya faɗi, amma kuɗin kayan gyaranta bai faɗi ba. Balon iska ɗaya ya fashe, motar ta durƙusa a gefe guda. Ba a samun sa a Ori Apata yadda ake samun na Toyota, sai an yi oda da dala an jira makonni. Masu gyaranmu suna da basira, na ga abin da hannunsu ke yi da fijo da Honda da marsandi, amma wannan mota sai da kwamfutar kamfaninta ake magana da ita. In ta 2009 mai sauƙin haɗi tana wahalar da mutane haka, ina ga mai famfon lantarki a kowace taya da batir mai ƙarfin da zai iya hallaka wanda ya taɓa shi ba da sani ba?

Kaduna ba baƙuwar mota ba ce, shi ya sa musun nan yake da daɗi a nan. Garin da aka fara haɗa fijo a 1975 ne, garin da ya san 504 ciki da waje. Abin da ya sa 504 ta zauna a zukatan mutane ba gudu ba ne. An daidaita ta da ƙasar: cikinta a ɗage, ƙafafunta masu jure gargada, kowane gari akwai mai gyara ta, kuma mai rawani yana shiga baya da rawaninsa. Idon mutanen Kaduna a kan mota daga nan ya samu horo, kuma da wannan ma'auni dattijon ya auna Panamera. Kasuwar duniya ma ta karkata wajensa. Cayenne, jif ɗin da Porsche ta fito da shi a 2002, ya fi Panamera ciniki sosai. Lamborghini ta nuna mota mai ƙofa huɗu a kwance mai suna Estoque a 2008, ba ta ƙera ta ba, sai ta yi jif ɗin Urus. Ferrari ma da ta tashi yin ƙofa huɗu a karon farko a 2022, Purosangue ta yi, mai ɗagaggen ciki. Masu kuɗin duniya sun zaɓi tsayi.

Duk da haka ba na so irin Panamera ta ɓace, kuma a nan nake tare da matashin. Jif, komai ƙarfinsa, nauyinsa a sama yake, ba zai ba ka abin da mota mai kwanciya ke bayarwa ba. Akwai mutum a garin nan da aka yi wa wannan mota: wanda ke son tuƙi don tuƙin kansa, wanda zai sallami direba ranar Lahadi da sassafe, ya ɗauki matarsa da yara biyu, ya bi hanyar Zariya a natse yana jin yadda sitiyari ke amsa masa, yana kuma da wata motar ta shiga unguwa da zuwa ɗaurin aure. Shi in ya ce kyakkyawa ce, ya san abin da yake faɗa, in ya biya kuɗin, ya san abin da ya saya. Irinsa ba su da yawa, amma akwai su.

Da aka kira magariba, matashin ya yi ƙoƙarin ƙarshe na shawo kan dattijon. Ya ce masa akwai samfurin Executive da aka ƙara wa tsawon santimita 15 musamman don masu zama a baya, irin wanda attajiran Chaina suka fi so. Dattijon ya karɓi wayar, ya matso da ita kusa da idonsa, ya daɗe yana duban rufin. Ya ce ya ga an ƙara wa ƙafa wuri, amma shi hularsa ba a ƙafa yake sa ta ba. Ya miƙa wayar, ya ɗauki butarsa ya nufi alwala.